Ragon Hajiya a Kan Shinkafata

Ba zan taɓa mantawa da shekarar da Babbar Sallah da Kirsimeti suka faɗo a mako guda ba. Lokacin Abuja na tashen kuɗi, gidaje na tsirowa ko'ina, mu ma mun yi 'yan shekaru da tarewa a sabon gida a Karu. Ni ce shugabar zumuntar mata a cocinmu, kuma in dai wa'azin zaman lafiya da maƙwabta ne, a bar mini (har sai da mata suka laƙaba mini "Mama Haƙuri", ni kuwa ina ta fasa kai).

Misalin da nake bugun ƙirji da shi kullum shi ne Hajiya Rabi, maƙwabciyata mai aiki a wata ma'aikatar tarayya. Mutuniyar kirki ce, ita ta kwana da ni a asibiti da na haifi autata. Duk Sallah takan aiko mini da soyayyen naman layya, ni kuma duk Kirsimeti in kai mata shinkafa. Abin da ban taɓa faɗa a coci ba shi ne ko tsoka ɗaya ban taɓa ci ba. Zuciyata ce kawai ba ta kwanta ba. Sai in karɓa da hannu biyu, in yi godiya har da rusunawa, in ta juya baya in ba leburorin ginin bayanmu.

A wannan shekarar leburori duk sun tafi gida hutu, nama ya zauna mini a firji. Kashegari Hajiya ta tambaye ni ta kan katanga, "Maman Ladi, ya naman?"

Na ce, "Hajiya, ai ko ƙashi ban rage ba." Allah Ya gafarta mini, har da lashe baki.

Ranar Kirsimeti baƙi suka cika gida, kaji suka ƙare. Sai dabara ta zo mini: ga nama yankan Musulmi yana zaune, ga kular da zan kai wa wani Alhaji a ƙarshen layi. Na ɗumama shi na jera a kan shinkafarsa, ita Hajiya na ware mata cinyoyin kaza. Kulolin iri ɗaya ne, a sito ɗaya na saye su a Wuse. Kun dai gane inda aka dosa.

Kuma da yake ina son a shaida, sai na ja matar Fasto. "Mama, zo ki ga yadda muke zaune da maƙwabta."

Hajiya ta tarbe mu da fara'a, ta buɗe kula a gabanmu. Ƙamshin kanumfari da citta ya cika falo. Ta ɗauki yanka ɗaya, dogo siriri irin yankanta, ta juya shi, ta dube ni.

"Maman Ladi, wannan ai ragona ne."

Na ji kamar in shige ƙarƙashin kujera. Na buɗe baki, abin da ya fito kawai shi ne, "Ai raguna suna kama, Hajiya." Matar Fasto ta duƙar da kai tana gyara ɗankwalin da babu abin da ya same shi. A raina na ce shi ke nan, na rasa matar da ta riƙe mini jaririya.

Hajiya ta tashi ta shiga kicin. Sai ga ta da cokula uku.

Ta ce, "Ki kwantar da hankalinki. Ni ma shekarun nan shinkafarki kaɗai nake ci, kazar kuwa direbana Bitrus ke tafiya da ita, don ban san wa ya yanka ba. Yau ce rana ta farko da na san mahaucin. Bismillah."

Na ci. Da kunya, da hawaye, da komai na haɗa na haɗiye, kuma abin haushin shi ne naman ya yi daɗi.

Da muka iso bakin ƙofarmu matar Fasto ta ce: "Ranar Lahadi ke ce da darasin Farisiyawa, masu ibadar ganin ido, ko?"

Tun daga ranar na gane cewa murmushi a bakin ƙofa ba shi ne ƙaunar maƙwabci ba. In abu ya tsaya miki a rai, faɗa mata ya fi. Yanzu mijin Hajiya ne ke yanka mana kajin Kirsimeti. Kuloli kuwa, ban sake sayen biyu iri ɗaya ba.