Rasuwar Agogon Likita, Wanda Aka Nemi Batirinsa

Da zuciya mai cike da baƙin ciki da tsoro, iyalan gidan Likitan haƙori, ta bakin surukarsa, suna sanar da 'yan uwa da abokan arziki rasuwar agogon hannunsa, wanda ya cika jiya da rana bayan gajeriyar jinya. Likita yana hanya, bai sani ba tukuna. Wanda ya karanta ya kama bakinsa.

Marigayin ɗan asali ne. Ba daga masana'anta ya fito ba, wani tsoho ne a ƙasar waje ya ƙera shi da hannunsa, shi kaɗai a ɗaki, kuma ba kowa yake sayar wa ba sai ya yaba da hankalin mutum. Likita ya yi shekaru yana jiran layi, ko neman auren matar gidan bai sha wannan wahalar ba. Bayan marigayin gilashi ne, ana hango 'yan kayan cikinsa suna rawa. Bai taɓa ɗaga murya ba, sai cik-cik-cik a hankali, wanda Likita kan kara a kunne ya lumshe ido, ko da matarsa na tsakiyar magana.

Ga yadda ciwon ya faro. Shi irin wannan agogo ba ya cin batir, motsin hannu ne abincinsa. Da Likita zai tafi taro, sai ya kwantar da shi cikin wani akwati mai lantarki da ke juya shi kamar ana jijjiga jariri. Matar gidan, baiwar Allah, ta zare filogin ta jona dutsen guga, ta manta. Ranar da ta zo shara ta tarar ya yi tsit. Tsoro ya hana ta ko girgiza shi, ashe wannan kaɗai ne maganin. Ta ƙunshe shi a gefen gyale ta ruga wurin mai canza batir na ƙarƙashin matattakalar kanti. Shi kuwa ya sa sukudireba ya ɓanɓare bayan, ya leƙa, ya tona, yana neman abin da ba a haifi marigayi da shi ba. Maganar marigayi ta ƙarshe ita ce tsiiing, sa'ad da wata siririyar waya ta yi tsalle ta faɗa kwata. An ga matar gidan durƙushe da sabon leshinta tana lalube da hannu biyu, maƙwabta na kallo.

Babu batun asibiti. Dokar tsohon nan ce, duk agogon da wani hannu ya buɗe ba ya ƙara taɓa shi, mai shi ma ya fita daga layinsa har abada.

Marigayi ya bar ƙanne cike da aljihun tebur, babu mai rabin mutuncinsa. Ya bar maɗaurin fata, maraya. Ya bar matar gida wadda ta riga ta ninke kayanta, waya na ƙara tana zabura.

Za a yi jana'iza gobe a falon gidan, kafin jirgin Likita ya sauka. Don girman Allah a zo da wuri, a cika kujeru. Kawunnan Likita da yake jin nauyinsu su zauna bakin ƙofa, gwaggonsa mai saurin kuka ta riƙe gawar a kan tire. Kada wanda ya tambaye shi ƙarfe nawa. Ba mai tashi sai an ga ya karɓi ruwa daga hannun matarsa ya sha, saboda haka kowa ya taho da kayan kwanansa.