Hajiya Ga-Ni-Nan da Motar Matar Likita

Allah Ya yi wa birnin nan baiwa iri-iri. Ya ba shi tituna masu faɗi, da benaye masu hawa goma, da fitilun da ba sa barin mutum ya ga tauraro. Amma duk cikin baiwar nan babu kamar yayar marigayi mijina, mai shagon labule a bakin babban titi, wadda duk layinmu ke kira Hajiya Ga-Ni-Nan. A waya ta samu sunan. In aka kira ta aka ce taro ya cika ita ake jira, sai ta ce, "Ga ni nan, ina hanya," alhali ƙafafunta na cikin robar ruwan ɗumi ana goge mata kaushi.

Mace ce mai ilimin birni. Ni da na tsaya a aji huɗu ba ni da ma'aunin da zan auna shi. Kowace safiya takan hau kujerarta mai juyawa, masu ɗinki biyu su tsayar da keke, ni ina gefe ina sa wa labule zobba, sai ta buɗe makaranta.

"Birni ba ya farkawa sai rana ta faɗi," in ji ta. "Wanda bai san daren garin nan ba, baƙo ne, ko da a nan aka yanke masa cibiya."

Ta san gidan abincin da ke can ƙololuwar bene, inda ake hango gari duka ta taga. Ta san wurin shaƙatawar da ya mutu bana, da wanda manya suka koma. Ta san mawaƙin da ya daina tashe tun kafin shi kansa ya sani. Abin da ya ƙara mini ganin girmanta shi ne, duk wannan sani ta tara shi ba tare da ta taɓa kai ƙarfe tara ido biyu ba. Ɗakina na jikin nata. Tara da kwata minsharinta ke fara kaɗa kofunan da ke kan kantata. Wannan in ba baiwa ba, mene ne?

A fannin liyafa kuwa, ƙa'idodinta ba sa tashi. Ba ta cin abinci a gaban jama'a, don a cewarta sai a ɗauka ba a ɗora tukunya a gidanka ba. Shi ya sa take cinye rabin kaza a mota, da tawul a ƙirji. Ba ta rawa, sai dai ta ɗaga kafaɗa ɗaya sau biyu ta sauke, don in ka ba mutane duka yau, gobe me za ka ba su? Tana shiga da waya a kunne, ko da wayar ba caji. Babbar ƙa'idar kuwa, uwar sauran, ita ce dole ta zama ta ƙarshen shiga.

"Ki duba da kyau, Ustaziya," haka take kirana saboda carbina, "su wa ke zuwa biki da wuri? Masu yunwa da masu neman miji. Mace mai daraja sai an zauna, an gaji, an fara duba agogo. Sannan ƙofa ta buɗe, wuyaye su juyo."

To, bana shugabar ƙungiyar mata masu shaguna ta ce ta gaji, za ta sauka. Shekara shida Hajiya na mafarkin kujerar nan. Har ta buga kati ɗari biyu da kalmar Shugaba a ƙarƙashin sunanta, ta ɓoye cikin kwalin labule. Za a yi zaɓen a liyafar shekara, a zauren da aka kama daga ƙarfe uku zuwa shida. Sharaɗi ɗaya ne: in an kira sunan 'yar takara, ta miƙe a gan ta. Wadda ba ta cikin zaure, an soke ta. Abokiyar takararta kuwa Matar Likita ce, mai shagon turare, wata mai yawan murmushi da Hajiya ke cewa ko tafiyar manya ba ta iya ba.

Ranar, tun sha ɗaya aka fara shiri. Rigar duk duwatsu ce masu walƙiya, nauyinta ya kai na buhun siminti. Ɗaurin ɗankwalin ya yi tsayin da sai da ta kwantar da wuya kafin ta shiga mota. Ni aka ɗauko in riƙe jaka, in kuma ga duniya. Baba Direba, tsohon da ya yi shekara ashirin yana jan ta, ya ja mu.

Uku da minti ashirin muka iso. Ta sa aka laɓe bayan wata tankar ruwa, inda ake hango ƙofar zauren ba a hango mu. Nan ta ga motar Matar Likita a gindin bishiya, baƙa wuluk, gilasanta masu duhu a rufe, inji na aiki.

"Kun gani ko?" Ta bugi cinya. "Tana ciki! Jira take in shiga, ta biyo bayana ta kwashe idanun. Yarinya, da ni kike zancen. Baba, kashe mota. Mun zuba."

Baba Direba ya kashe mota, sanyin na'ura ma ya ɗauke. Ya ce ko a sauke gilashi, ta ce so yake a gan ta tana jira kamar mai tallar lemo? Muka zauna. Hoda ta fara gangarowa ta gefen kunne. Waya ta yi ƙara, ta ɗauka ta ce, "Ga ni nan." Ta sake ƙara, ta ce, "Ga ni nan, cunkoso ne." Titin kuwa ko akuya babu.

Da la'asar ta yi na nemi izini, na shiga ta ƙofar gefe in yi salla. Ina fitowa daga wurin alwala, wa zan gani? Matar Likita, hannun riga a naɗe, tana bin tebur-tebur da tiren lemo, tana tambayar kowa lafiyar yara da sunayensu. Ta hango ni ta taho.

"A'a, matar ƙanen Hajiya! Ina Yayar tamu? Ga kujerarta can mun ajiye."

Ban iya ƙarya ba. Na ce tana mota.

"Allah sarki. Ki ce ta shigo, ƙarfe biyar za a kira suna."

Na idar da salla na koma da sauri har mayafina na faɗuwa. Na ce, "Yaya, Matar Likita tana ciki. Lemo take rabawa."

Hajiya ta dube ni da tausayi irin wanda ake yi wa maras lafiya. "Ustaziya, ke da ko tabaranki ba ki zo da shi ba. Ƙanwarta kika gani, suna kama. In tana ciki, wa ake hura wa sanyi a waccan motar?"

"Ta yi mini magana, Yaya. Ta ce biyar za a kira suna."

"Dabara ce! An ga baƙauya an aiko ta da saƙo. Ke dai ja carbinki, ki bar birni ga masu shi."

Na ja carbina. Ƙarfe biyar muka ji tafi daga zaure. Ta ce, "Sun fara ƙosawa, bar su." Biyar da rabi aka yi wani tafin da shewa, har tsuntsaye suka tashi daga bishiya. Ta ce, "Yanzu kam sun nuna." Baba Direba ya kifa kai a sitiyari, kafaɗunsa na rawa, ya ce tari ne ya sarƙe shi.

Shida ta wuce. Wata mota ta sauke kwalaye, mutane suka yi ta shiga da kwalliya, kiɗa ya canza. Sai ƙofar baƙar motar ta buɗe. Direban Matar Likita ne ya fito, shi kaɗai, ba takalmi, ya yi miƙa, ya yi hamma irin ta wanda ya sha barcin awa uku cikin sanyi. Ya bar ƙofa a buɗe. Kujerar baya wayam.

Wata mai ƙaramin sani da ta gane. Hajiya kuwa ta yi tsalle har ɗankwali ya bugi rufin mota.

"Ta sulale ta ɗaya gefen! Ta shiga! Ta kasa haƙuri! Ustaziya, jaka!"

Ta sa baƙin tabarau, ta kanga waya a kunne, ta taka a hankali, ni ina biye. Aka buɗe ƙofa. Wallahi wuyaye sun juyo, ban taɓa ganin sun juyo haka ba. Wani mai lasifika a hannu ya taho, ta karɓe ta ba tare da ta dube shi ba.

"'Yan'uwana mata, ginshiƙan kasuwancin birnin nan," ta fara, "na san kun jira. Amma amanar da kuke shirin ɗora mini..."

Sai wata 'yar murya daga wajen gwiwarta ta ce, "Anti, ke ce mai dabon?"

Ta zare tabarau. Balan-balan ko'ina. Yara kusan arba'in da huluna masu tsini. Kek mai siffar jirgin sama, da kyandir biyar. Wanda ta ƙwace wa lasifikar kuwa ƙato ne cikin rigar zomo, kunne ɗaya a karye. A birni ba a barin zaure ya huce: matan sun fita ta baya tun shida, masu bikin haihuwa sun shigo.

Zomon bai yi wata-wata ba, ya kama hannunta ya ɗaga. "Yara, ga Sarauniyar Duwatsu ta iso!" Suka yo kanta. Wannan na jan riga, wancan na ɓantarar dutse yana sawa a aljihu. Kiɗa ya tashi. Cikin ruɗewa ta ɗaga kafaɗa sau biyu, yara suka kwaikwaya, iyaye suka ɗaga wayoyi. Allah Ya gafarta mini, na cusa mayafi a baki, na kuma yi istigfari daga baya.

Da ƙyar muka fito. A bakin ƙofa muka yi kiciɓis da Matar Likita, rungume da furanni, mata huɗu na biye da ita suna cewa Shugaba.

"Hajiya! Sau uku aka kira sunanki, har na ce a ƙara na huɗu." Ta dafa ta. "Amma babba irinki ba ta zama ba muƙami. Ga makullin ofishin ƙungiya. Ke za ki riƙa buɗewa kafin kowane taro, awa ɗaya kafin lokaci, a samu iska ta shiga."

Na ɗauka Hajiya za ta jefar. Ta dubi matan nan huɗu, ta dubi makullin, ta karɓa da yatsu biyu kamar an ba ta lambar girma.

Washegari makaranta ta buɗe kamar kullum, sai dai muryar ta ɗan dishe. "Shugaba ai suna ne kawai," ta gaya wa masu ɗinki. "Ku tambayi kanku, wa ke riƙe da ƙofar? In ban zo ba, ita da furanninta a titi za su yi taro."

Asabar ɗin da ta wuce na raka ta. Muka isa rana na tsaka, ko mai gadi bai dawo daga cin abinci ba. Ta murɗa makulli, ta gyara ɗankwali, ta kanga waya a kunne, ta shiga a hankali tana ɗaga kai. Kujeru sittin ne a jere a ɗakin. Ko ɗaya ba ta juyo ba.