Alayyahun Château

Har yanzu in aka busa usur sai gabana ya faɗi, amma maganar gaskiya, alayyahun nan ya yi kyau.

Hutu muka je Lyon, Kawu Isufu ya kwashe mu zuwa wani tsohon gidan sarauta, château, mai lambu kamar gari guda. Kowa na ɗaukar hoto, ni kuwa idona ya faɗa kan alayyahu jere tsakanin furanni, irin wanda ko a kasuwar Barbès, inda muke cefanen kayan gida, ba a samu. Na ce wa matar Kawu, "Tanti, dubi Nasara, sun bar miya tana tsufa a banza!" Na buɗe jaka na hau tsinka, da gwaninta irin ta 'yar Maraɗi.

Sai usur. Wani ƙaton mai gadi mai hula ya nufo ni. Ba abin da nake gani sai takardun zamana da ban gama sabuntawa ba, da jirgin da zai mayar da ni Yamai. Tanti ta juya tana kallon wani gunki kamar ba ta taɓa ganina ba.

Ya leƙa jakar, ya yi faɗa, sannan ya ce, "Madame, wai ana cin wannan?" Nan na koya mishi miyar, har da daddawa. Ya bar mini ganyen, ya raka ni ƙofa.

Da na dafa, Tanti ce ta fara neman ƙari. Tun ranar, ko furen roba ne a falo, in na shigo sai Kawu ya ce, "Ku ɓoye shi, ga Sarkin Noma nan!"