Ɗaliban Aro

Ba zan taɓa mantawa ba da ranar da na yi aron 'yan makaranta, kamar yadda mata ke aron tukunya ranar suna.

Lokacin kuɗin fetur ya shigo, gwamnati ta ce karatun firamare kyauta ne, aka yi ta dasa makarantu har inda mota ba ta zuwa sai da rani. Ina fitowa daga kwalejin horon malamai aka jefa ni wani ƙauye bayan Sabuwa. Daga ni sai hedimasta, Malam Bawa, wanda ana tashi zai haye kekensa ya nufi garinsu. Ni ke dafa wake, ni ke ci, ni ke yi wa kaina sannu da aiki (har mai labarai a rediyo nakan amsa wa sallama). Kaɗaici ya ci ni ƙwarai. Burina ɗaya ne, a mayar da ni Ƙanƙara kusa da mahaifiyata.

Sai ga takarda, wai an fito da ma'auni ɗaya daga Ikko da za a auna kowace makaranta a ƙasar, yawan yara da iya karatunsu, kuma sufeton makarantu na nan tafe ya auna tamu. Aka kuma raɗa mini cewa malamin da ajinsa ya yi kyau, ana saurarensa in ya nemi canji. Malam Bawa ya tashi da faɗa: "Da mudun Ikko za a auna dawar Sabuwa? Ɗiyan nan hwa kaka ta yi, duk suna gona!" Ya yi gaskiya, amma ni ba gaskiya nake nema ba, hanyar gida nake nema.

Rajistata cike take da sunaye, masu zuwa kuwa bakwai ne, su ma karatun sai a hankali. Ana gobe sufeto zai zo, da yamma na ƙetare rafi wurin abokina Malam Isiya, mai koyarwa a babban ƙauye, na roƙe shi aron haziƙansa goma sha biyar na yini ɗaya. Na raba musu sunaye daga rajistata. Nawa bakwai kuma na ce gobe su huta a gida (a lokacin gani nake na ƙure dabara).

Sufeto ya iso da hantsi, dattijo mai tabarau, ba ya son yawan magana. Yara suka yi ta zuba karatu, ni ko ina gefe ina hura hanci, har na fara lissafin kayan da zan ɗaure. Can ya tsaya gaban wata yarinya.

"Ke, mi sunanki?"

"Asabe."

"Ikon Allah. Jiya ba Hajara kike ba? Ina fensirin da na ba ki?"

Baiwar Allah ta zaro shi daga ɗankwali ta nuna masa. Ashe jiya a makarantar Isiya ya yini! Shi kuma gogan bai gaya mini ba, wai a ganinsa mai tabarau ba ya riƙe fuska.

Na rasa inda zan sa kaina. Ina juyawa sai na yi ido biyu da yarana bakwai a taga. Sun zo abinsu, sun wanke riguna, sun shafa man gyaɗa, suna leƙen baƙin da ke zaune a bencinsu suna amsa sunayen 'yan garinsu. Wannan ya fi maganar fensiri yi mini ciwo.

Sufeto ya kira su ciki, ya miƙa wa ɗaya littafi. Ta yi ta haɗa baƙi da wasali tana tuntuɓe, har ta kai ƙarshen layi. Ya dube ni ya ce, "Malam, wannan shi ne karatunka. Ni ma ban ce mudun nan daidai yake ba. Amma in kowa ya ɓoye mani abin da ke akwai, da mi zan je in yi ma na Ikko gardama?"

Ban san abin da ya rubuta ba. Na dai san takardar canjina ba ta zo ba sai da bakwai ɗin nan suka gama makaranta. Kayan aro ba ya rufe katara, haka ne. Amma wanda ya ƙi ji ya ce sai ya ara, don Allah ya fara tambayar inda mai awo ya yini jiya.