Littafin Da Na Binne Bayan Garken Awaki

Ko me zan manta a duniya, ba zan manta da daminar da na binne littafin mutane ba. Amma kafin ku yi mani dariya, ku fara jin fargabar da nake ɗauke da ita tun littafin bai shigo gidanmu ba.

Ni 'yar Bagega ce. Da idona na ga maza suna shigo da duwatsun zinariya gida, ana niƙawa ana murna, yara na birgima cikin ƙurar, ashe gubar dalma ce. A haka yayata ta rasa ɗanta. Tun daga nan, duk abin da namiji ya kawo gida ya ɗora ransa a kai, gabana faɗuwa yake yi. Da aure ya kawo ni Gummi na haifi Hafsatu, sai abin ya ƙaru. (Ko buhun taki aka ajiye a zaure sai na je na sunsuna.)

Maigidana malamin firamare ne. Wata rana ya dawo da wani ƙaton littafin Turanci. Ni bokona a aji uku ya tsaya, amma ai ina da ido. Hotunan sojoji ne cikin kurmi, ga bindigogi, ga taswira cike da kibiyoyi duk sun nufi wani kogi. Kullum bayan la'asar yana kan tabarma yana bin kibiyoyin da yatsa, wani lokaci har ya ɗauki tsinke yana zana su a ƙasa. Fura ta tsinke a gabansa bai sani ba. Na tambaye shi sau ɗaya, ko kai bai ɗago ba ya ce labarin yaƙi ne.

Yaƙi. A lokacin da 'yan bindiga ke shiga ƙauyukan Anka da Bukkuyum, samari na ta shiga sa-kai. Sai ga maƙwabciyata ta tsegunta mani a bakin rijiya cewa wai za a bi gida-gida ana bincike, duk wanda aka samu da taswira ɗan rahoto ne. Na dawo na haɗa lissafina ni kaɗai: ko dai Malam sa-kai zai shiga ya bar ni da goyo, ko kuma a zo a tafi da shi.

A Bagega na ga yadda masu aikin lafiya suka yi da ƙasa mai guba, kankarewa suka yi aka kai ta rami aka rufe. To ni ma haka na yi. Yana fita makaranta na naɗe littafin cikin tsohon zane, na ari fartanya, na haƙa bayan garken awaki na turbuɗe shi. Ko leda ban sa ba. Da ya dawo yana nema, har da ni a ɗaga katifa, ina cewa ko dai ya manta shi a aji ne. (Allah ka yafe mani.)

Ruwa ya yi ta sauka. Masu bincike kuwa har yau ba su zo ba.

Wata Juma'a Inna, mahaifiyar Malam, ta zo mana wuni. Sai ga Malam Yohana, dattijon abokin aikinsa mutumin Filato, ya zo sallama don an yi masa canjin aiki zuwa gida. Inna ta ce a shigo da shi su gaisa. Ina zuba masu ruwa na ji Malam na ba shi haƙuri, muryarsa ƙasa-ƙasa, wai littafinsa ya ɓata. A nan na ji sauran zancen. Littafin na marigayi baban Malam Yohana ne, tsohon soja, kuma labarin yaƙin Burma ne a ciki. Uban Inna kuwa an tafi da shi yaƙin Burma tana goye, bai dawo ba. Malam ya gano rundunar da mutanen ƙasarmu suka shiga, yana bin sawunta shafi-shafi, saura kaɗan ya kai inda suka tsallake kogin da aka rasa mutane da yawa. Ya yi shiru ne don kada ya sa wa Inna rai kafin ya tabbatar.

Na ajiye butar, na ce su biyo ni.

Haka na yi ta haƙa, Hafsatu a bayana, su uku a tsaye kaina, awaki na leƙe. Zanen ya fito a ruɓe. Gara ta gama da cikin littafin, abin da ta rage ruwa ya mai da shi kamar dambu. Sai bango da rabin taswira, kibiya ɗaya tana nuna inda babu komai.

Malam ya ce, “Mi ya hana ki tambaye ni?”

Na ce, “Na tambaya.”



Inna ta daɗe tana kallon ramin, sannan ta ce, “Ubana ba a san inda anka binne shi ba. Yanzu dai na ga wuri guda, bayan garken awaki.”

Babu wanda ya yi dariya. Malam Yohana ya durƙusa ya ɗauki bangon, ya share ƙasar da hannun rigarsa, ya ce ba komai Maman Hafsatu, tsoro ne, kowa na cikinsa. Wallahi da zagina ya yi da na fi samun sauƙi.

Yanzu na koyi cewa idan na yi tambaya aka ba ni guntuwar amsa, in sake yi, kafin in je aron fartanya. Shi ma Malam ya koyi ƙara magana, har ta yi yawa. Sai dai sunan kogin ya kwance masa, kuma ya ce ba zai yi wa uwarsa ƙage ba. Inna kuwa tsufa na ƙara kama ta, idonta ya soma dusashewa.

Shi ya sa nake roƙonku. Littafin mai koren bango ne, da hoton baƙaƙen sojoji cikin ruwa har ƙirji, sun ɗaga bindigoginsu sama da kai. Duk wanda ke da irinsa, ko ya san mai shi, don Allah a ara wa maigidana tun Inna na da rai. Cikin akwatin lefena zan ajiye shi.