Mushe Tsatsa

Ba zan taɓa mantawa da ranar da ensifekta, mai duba malamai, ya zo daga Maraɗi ya zauna a bayan ajina ba. Lokacin ina ɗan kwantiragi a wata lakkwal, wato makaranta, ta Madarumfa, kuma abin da ya gani ranar shi zai sa a tabbatar da ni a aiki ko a sallame ni.

Da yake ni gwanin iyayi ne, sai na zaɓi darasin da zai burge: melatonin, sinadarin da ƙwaƙwalwa ke fitarwa idan duhu ya yi, ya kawo barci, ya kuma kare ƙwayoyinta daga lalacewa. Na shiga aji da tsohuwar kwasa ta noma mai tsatsa. Na ce wa yara yadda iska ke cin ƙarfen nan, haka take yi wa ƙwayoyin ƙwaƙwalwa, sinadarin nan ne ke tare tsatsar. Na gargaɗe su da kallon salula a shimfiɗa, don haskenta na hana shi fita. (Ni kuwa duk satin a kan salula na kwana ina haddar darasin.)

Komai na tafiya daidai, sai rawar kai ta ɗebe ni. Na ce a rufe tagogi, kowa ya kifa kai a tebur ya ji daɗin duhu na ɗan lokaci. Ni ma na zauna don in nuna musu yadda ake yi. Ga zafi, ga furar da na ɗura da rana.

Wallahi dariya ce ta tashe ni, miyau har kan alli. Ensifekta na tsaye a kaina, sai na ji wata ɗaliba tana roƙonsa: "Don Allah ku bar shi, mushe na hidda tsatsa ne." (Mushe a nan malami ne, amma ranar ɗaya ma'anar ta fi dacewa da ni.)

Kunya kamar in nutse a tabki! Ensifekta ya share hawayen dariya ya ce, "Yara sun gane darasi. Malaminsu ne zan dawo in sake dubawa."

Ya dawo, na kuma tsira da aikina. Sunan Mushe Tsatsa da yara suka laƙaba mini ne ya ƙi fita. Har yau in na je sayen kifi, sai wani uban ɗalibi ya ce, "Mushe, ya tsatsa?"

Tun daga nan nake barcina a gida, kuma ko yara na kuka ba na rufe tagar aji.