Wasiyyar da na bari a jirgin da bai tashi ba

Da 'yata Hafsatu ta ce tuƙin jirgin sama za ta karanta, na sanar da gida cewa ni zan zaɓa mata makaranta. Ai na je Makka, na san jirgi ciki da waje.

A makarantar farko, malamin ya shigar da mu wani ɗaki mai madannai, ya zaunar da ita a kujerar matuƙi. Yana bayani ban saurara ba, ina ta gyaɗa kai irin na masana.

Sai kujerata ta girgiza, na hango ƙasa tana nisa ta gilashi. Yarinyar da ko keke ba ta gama iyawa ba! Na yi kalmar shahada, na kira ƙanena a waya, na bar masa gonar shinkafata, na tuna masa gobe ne ranar ban ruwanmu.

Hafsatu ta riƙo hannuna a hankali. "Baba, hoto ne kawai. Muna ƙasa."

Har yau in na sauka daga babur a Kura, sai manoma su taso: "Alhaji, an sauka lafiya?" Ƙanena kuwa yana nan yana jiran gonarsa.